Yadda Ake Bin Sawun Malami, Mawaƙi Ko Gwanin Da Tarihi Bai Damu Da Shi Ba

Wanda ke neman labarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ko Sarkin Kano Abdullahi Bayero ba ya shan wahala, littattafai sun cika da su. Wahalar tana kan wanda ya gaji gafaka cike da takardun ajami bai san wanda ya rubuta su ba, ko ya ji waƙa a bakin tsofaffi ana cewa ta wani Malam Audu ce, ko ya ga hoton wata babbar riga a gidan tarihi na Ingila an rubuta "Hausa" kawai a ƙarƙashinta. Irin waɗannan mutane ba a samunsu ta hanyar buga suna a Google. Zagaye su ake yi: a tsayar da sunayensu duka, a tsayar da gari da zamani, sannan a nemo sanannen mutumin da suka raɓa, malami ne ko sarki ko Baturen da ya karɓi aikinsu. Ta jikin wannan sananne ake shiga.

Da farko, ka sa abin ya yi magana da kansa

Kafin ka tambayi kowa, ka zauna da abin da ke hannunka. In takardu ne, kada ka taɓa jerinsu. Littattafanmu na dā ba a ɗinke su ba, warƙa-warƙa suke a cikin tadarishi, kuma da zarar sun hautsine sai a yi kwanaki ana neman bakin zaren. Ka wanke hannu ka bushe shi sarai, domin tawadar gawayi da ƙaro ba ta jure danshi. Ka ɗauki hoton kowace warƙa gaba da baya yadda ka same su, da rana amma a inuwa, ba tare da walƙiyar kamara ba, da rula a gefe don a san girman takardar. Ka ba kowane hoto lamba a jere. Bayan haka ne za ka duba ko jerin daidai yake: a ƙasan bayan warƙa, masu kwafa suna rubuta kalmar da za ta buɗe warƙa ta gaba. In kalmar ba ta dace da farkon ta gaban ba, ko dai wata warƙa ta ɓace ko an cuɗa littafi biyu wuri ɗaya.

Sai ka tafi ƙarshe. A nan ake samun "tammat" da hamdala da salati, kuma a nan sunaye suke. Babban kuskuren masu fara wannan aiki shi ne ɗaukar duk sunan da suka gani a matsayin mawallafi. Sunaye uku ne ke iya fitowa: wanda ya wallafa, wanda ya kwafa, da wanda aka kwafa wa, wato mai littafin. Kalmar "katibuhu" tana nuna mai kwafa, "sahibuhu" ko "malikuhu" tana nuna mai shi. A waƙar Hausa kuwa mawaƙi kan saka sunansa a baitocin ƙarshe, da na mahaifinsa ko malaminsa, wani lokaci da unguwarsa. Ka lura kuma da tahamisi. In waƙa mai ƙwar biyar ce, tana iya zama ta mutum biyu: na farko ya yi ƙwar biyu, na baya ya ɗora ɗango uku a kan kowane baiti. "Tabbat Haƙiƙa" ta isa misali: Shehu Usmanu ya yi ta da Fillanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Hannu uku a waƙa ɗaya.

Ramzi

Mawaƙa da yawa ba sa rubuta shekara da alƙaluma, sai su dunƙule ta cikin kalma ɗaya, wadda ake kira ramzi. Kowane harafi yana da adadinsa, a tara su a sami shekarar Hijira. Inda ake faɗawa rami shi ne lissafin haruffa iri biyu ne, na Gabas da na Magrib, kuma malamanmu na Magrib suka bi. Haruffa shida suka bambanta. A namu, sad 60 ne, lad 90, sin 300, za mai sanda 800, gain 900, shin 1000. Dalilin da ya sa ramzin waƙoƙinmu ke yawan farawa da shin ke nan. Ɗauki haruffan shin, ra, fa: 1000 da 200 da 80, ya ba ka 1280. In ka ɗauko jadawalin Gabas daga intanet, inda shin yake 300, sai ka sami 580, ka kai waƙar zamanin da ba a haifi kakan kakan mai ita ba.

Don mayar da Hijira zuwa Miladiyya, ka ninka shekarar da 0.97 ka ƙara 622. Shekarar 1280 za ta ba ka 1863 da 'yan kai, kuma da yake shekarar Hijira kan ratsa shekarun Miladiyya biyu, sai ka rubuta 1863/64. Kada ka zaɓi ɗaya sai in an ambaci wata. Abu na biyu: ramzin da ke cikin baiti shekarar wallafa ce, kuma kowane mai kwafa zai ci gaba da kwafe shi ko bayan shekara ɗari. Bai gaya maka shekarun takardar da ke hannunka ba.

Takardar ce za ta gaya maka wannan. Ka ɗaga warƙa ɗaya ka haska ta da tocila daga baya. Yawancin takardun da aka yi rubutu a kansu a ƙasar Hausa a ƙarni na 19 daga Italiya suka zo ta Tarabulus da Masar, kuma a jikinsu akwai tambarin jinjirin wata uku a jere, wasu da sunan Andrea Galvani na garin Pordenone. Takarda mai layi-layi irin ta littafin makaranta, ko mai tambarin kamfanin Ingila, tana nuna zamanin Turawa. Tambari iyaka ɗaya yake ba ka: ba a yi kwafin kafin a fara yin irin takardar ba. Ana iya ajiye takarda shekaru kafin a yi rubutu a kanta.

Tara sunayensa duka

Ka buɗe shafi guda don sunaye kawai. Bahaushe ɗaya yana da sunan yanka, laƙabi, sunan sana'a ko sarauta, da yadda ya rubuta kansa da Larabci, sannan ga yadda Bature ya ji ya rubuta. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934, yana fitowa a matsayin Alhaji Umaru Salaga, Imam Imoru, da kuma Umar ibn Abi Bakr al-Kabbawi al-Kanawi. Wanda ya nemi ɗaya kaɗai zai rasa kashi biyu bisa uku na abin da aka rubuta a kansa. Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da ya bi matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, Barth ya rubuta shi Dyrregu, wasu Dorogu, daga baya kuma James Henry Dorugu.

Garuruwa ma haka. Sakkwato tana zuwa a Sackatoo ko Soccatoo a rubutun matafiyan farko, Katsina a Kashna ko Katsena, Zazzau a Zegzeg. A takardun Faransawa u yana komawa ou, c yana komawa tch, j yana komawa dj: Haoussa, Ousmane, Dogondoutchi, Tessaoua. Malam kuma Mallam ne ko Mallem, Sarkin kan zama Serikin ko Serki-n. In kana bincike a Google Books, Internet Archive, HathiTrust ko Gallica ta Faransa, ka sa kowane suna cikin alamar zance, ka haɗa shi da sunan gari ko sarauta, ka cire lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, domin na'urar da ke karanta tsofaffin shafuka ba ta gane su. Rubutun ajami da na hannu kuwa ba ta karanta shi ko kaɗan. Rashin sakamako a nan ba ya nufin babu komai.

Manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira suna da amfani wajen jero maka yadda za a iya rubuta suna. Amma kada ka tambaye su tarihin mutumin da ba a sani ba. Za su ƙaga maka shekarar haihuwa da sunan littafi da lambar shafi, duk babu su.

Bakin tsofaffi

Ka je gari kafin ka je gidan adana takardu, saboda takardu za su jira ka, tsofaffi ba za su jira ba. Ka shiga ta hannun mai unguwa ko limami, ka faɗi abin da ya kawo ka da inda abin da ka ɗauka zai je, ka nemi izni kafin ka kunna rikoda. Kada ka tara mutane wuri ɗaya. Babba zai yi magana, saura su ce haka ne. Ɗaya bayan ɗaya za ka bi su, kuma kada ka tsallake mata. Zuriya da auratayya da waƙoƙin wa'azi sun fi zama a kan tsofaffin mata, in kuma shiga cikin gida bai yiwu gare ka ba, ka tura mace.

Kada ka ce "Baba, a wace shekara ya rasu?" Za a ba ka lamba don a sallame ka. Ka ce, "Baba, lokacin da ya rasu, wa ke sarauta? An yi Kakalaba ko ba a yi ba? Jirgin ƙasa ya iso?" Ka riƙe 'yan turaku a kanka: Basasar Kano 1893 zuwa 1895, zuwan Turawa Kano da Sakkwato 1903, Satiru 1906, isowar layin dogo Kano 1911, yunwar Kakalaba 1913/14, zuwan Sarauniya 1956, rasuwar Sardauna 1966, canjin kuɗi zuwa naira 1973. A Kano, Abbas ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953. Kowane gari ka nemi jerin sarakunansa da hakimansa ka riƙe.

Tambaya mafi tsada ita ce "Wa ya gaya maka?" In mutum uku suka ba ka labari iri ɗaya amma duk daga bakin tsoho ɗaya suka ji, shaida ɗaya kake da ita, ba uku ba. Haka in labarin ya yi tsaf da yawa, ka bincika ko daga rediyo ko wani ɗan littafi ya dawo bakin mutane. Ka kuma tambayi silsila: a wurin wa ya yi karatu, wa ya karanta a wurinsa, wane sarki ko attajiri ya yi wa aiki. A nan sanannen da za ka bi ta jikinsa yake fitowa.

Gidajen adana takardu

Abu na farko da za ka duba in mutumin malami ne mai rubutu shi ne juzu'i na biyu na littafin Arabic Literature of Africa, wanda John Hunwick ya tattara aka buga a 1995. An jera marubutan wannan yanki, da ayyukansu, da farkon baitin waƙoƙinsu, da inda kwafin kowanne yake. Saboda haka ka riƙa nema da baitin farko, ba da take ba. Yawancin waƙoƙi ba su da take, masu katalogi ne suka laƙaba musu.

Rubutun hannu yana warwatse a Gidan Arewa da ke Kaduna, da tarin Shirin Binciken Tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidan tarihi na Jos, da Jami'ar Ibadan, da Jami'ar Bayero. A Yamai akwai sashen rubutun Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH, wanda tarin marubucin Nijar Boubou Hama ne tushensa. A Gana akwai tarin Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon. A Amurka, Jami'ar Northwestern tana riƙe da littattafan Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwar Kano da ya rasu a 1962, sama da guda dubu uku. Shirin ceto takardu na Laburaren Birtaniya, EAP, da tarin ajami na Jami'ar Boston suna da hotunan dubban shafuka a intanet kyauta.

In mutumin ya yi hulɗa da hukuma ko ta wace fuska, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna za ka nufa. Ka tafi da takardar gabatarwa da katin shaida da fensir, ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto tun a rana ta farko. Takardun an kasa su bisa ofishin da ya samar da su, ba bisa sunan mutum ba: SNP na sakatariyar lardunan Arewa ne, Kanoprof na lardin Kano, Sokprof na Sakkwato, Zarprof na Zariya. Don haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce wane ofishi ne zai sami dalilin rubuta sunan wannan mutum. Malamin makaranta ko ma'aikacin En'e yana cikin jerin ma'aikata da takardun albashi. Wanda aka yi shari'ar gadonsa yana cikin littafin alƙali. Mai sana'a kuwa yana cikin rahotannin ƙiyasin haraji, waɗanda jami'an mulki suka rubuta gunduma-gunduma, suna ƙidaya maƙera da masaƙa da marina da dukawa a kowane gari, har da yawan karofi. Ba lalle su ambaci sunansa ba, amma za su tabbatar maka ko a shekarar da ake faɗa akwai irin sana'ar a garin.

Kwafin wasiƙun da aka aika Landan yana gidan adana takardun tarihi na Birtaniya da ke Kew, a jerin CO 446 na Arewa kafin haɗewar Arewa da Kudu a 1914 da CO 583 na bayanta, kuma katalogin yana intanet. Ɓangaren Nijar, ka tuna Damagaram ce hedikwata har 1926 kafin a koma Yamai, kuma rahotanni suna hawa zuwa Dakar, hedikwatar mulkin Faransa a Afirka ta Yamma a lokacin. Saboda haka abin da ba ka samu a Yamai ba ka neme shi a Dakar ko Aix-en-Provence ta Faransa, inda ake adana takardun mulkin mallakarta. Faransawa sun riƙa buɗe wa malamai katin bayani, da sunan malami da ɗariƙarsa da yawan almajiransa. Don sa ido suka yi shi, amma yau ya zama taska.

Wurare biyu da ake yawan mantawa: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 kuma ta buga waƙoƙi da wasiƙu da ta'aziyyar mutanen da ba su shiga kowane littafi ba, da kundayen digiri na farko a sassan harsunan Nijeriya da tarihi na jami'o'inmu. Ɗalibi kan rubuta kundi a kan mawaƙin garinsu, ya yi hira da tsofaffin da yanzu ba su da rai. Nazarin cikin kundin yana iya zama mai rauni, amma jerin waɗanda aka yi hira da su da matanin waƙoƙin da ke rataye a ƙarshe zinariya ne.

Duk abin da ka samu, ka rubuta lambar fayil ɗin cikakkiya, da taken da ke bangonsa, da ranar da ka gani, sannan ka ɗauki hoton bangon kafin shafukan ciki. Hoto ɗari biyar a waya ba tare da bango ba tarkace ne.

In kayan fasaha ne

Riga, sirdi, ƙwarya, akushi ko zanen bango ba su da "tammat". Mafarinka lambar da gidan tarihi ya ba abin. A gidan Pitt Rivers na Oxford lambar tana zuwa kashi uku, kamar a ce 1930.43.12: shekarar da abin ya shigo, lambar tarin, lambar abin a cikin tarin. A Gidan Tarihin Birtaniya kayan Afirka suna farawa da Af sai shekara. Wannan shekarar shigowa ce, ba ta ƙira ba, kuma tazararsu kan kai shekara hamsin. Ka rubuta wa mai kula da sashen, ka ambaci lambar, ka roƙi hoton shafin rajistar shigowa da duk wata wasiƙa ko ƙyallen bayani da ya zo da abin. Abin da ke katalogin intanet taƙaitawa ce. Rajistar hannu kan ƙunshi sunan gari ko ranar saye da ba a kwafe ba.

Daga nan sai ka bi wanda ya kawo abin. In jami'in mulki ne, jerin ma'aikata zai nuna lardin da ya zauna da shekarun, takardunsa na kansa kuma suna iya kasancewa a Laburaren Bodleian na Oxford, inda aka mayar da tarin Rhodes House. Sau da yawa sunan Bahaushen yana nan a gabatarwa ko ƙasan shafi: tatsuniyoyin da R. S. Rattray ya buga a 1913 Malam Shaihu ne ya rubuta su da ajami, haka Alhaji Umaru ne ya rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich da yawa daga abin da ya wallafa.

Babbar riga kada ka nemar mata gwani ɗaya. Akwai mai kaɗi, masaƙi, marini, maɗinki, wanda ya zana aska biyu ko aska takwas, wanda ya bi zanen da allura, da mabugi. Ka auna faɗin ƙwaryar saƙa, ka ƙirga su, ka duba zaren aikin auduga ne, tsamiya ne ko alharini, ka juya cikin rigar ka ga ko akwai ɗinkin keke. Ka kuma yi hattara da kalmar "Hausa" a kan katin bayani, domin riguna da yawa da fataken Hausa suka sayar aikin Nufawan Bida ne. Da waɗannan bayanai da hotuna na kusa za ka je wurin tsofaffin masu sana'ar a Zariya ko Kano ko Bida. Su kan gane hannun gida ta hanyar da katalogi ba zai iya ba. Gini ma ta bakin magada ake bin sa. Sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya tsira ne domin sarautar magina ta ci gaba a gidansa.

Auna abin da ka tara

Ka ja jadawali mai gida huɗu: abin da aka ce, wanda ya faɗa, yaushe ya faɗa, daga ina ya samo. Kowace magana layinta daban. Abin da aka rubuta a zamanin mutumin ya fi wanda aka rubuta bayan shekara sittin nauyi wajen kwanan wata, amma Baturen da ya kwana biyu a gari bai fi jikan mutum sanin sunan mahaifinsa ba. Ka yi hattara da takwara: Muhammadu ɗan Abdullahi ko Malam Umaru na iya zama mutum goma a gari ɗaya. Kada ka haɗa bayanai biyu a kan mutum ɗaya sai abu uku sun dace, sunan uba, gari, da zamani ko malami. Inda shaidu suka saɓa, ka rubuta duka biyun da dalilin da ya sa ka karkata ga ɗaya, ka bambanta "an tabbatar" da "ana kyautata zato" da "ana cewa".

Sannan ka buga hotunan takardun da rubutun hirarrakin kwafi uku: ɗaya ga gidan da suka ba ka, ɗaya ga laburare ko hukumar tarihi mafi kusa in masu abin sun yarda, ɗaya a wurinka, da kwafin kwamfuta a wuri biyu daban. A bangon kowanne ka rubuta sunan gidan da asalin yake, da unguwa, da ranar da aka ɗauki hoton.